Motar da ake kira Haƙuri

Daren wata Asabar muka kalli Cocorico Monsieur Poulet a fadarmu, mu tara bisa tabarma biyu, kwamfuta a kan kujera, shayi a kan gawayi. Wani kamarad ne ya zo da fim ɗin, ya ce tsoho ne, na 1974, amma mu daure mu ba shi minti goma. Ba wanda ya tashi har ya ƙare. Mun sha dariya, har mai dafa shayin ya manta da na biyu ya ƙone. Ran Litinin da safe kuma na yi minti 45 tsaye bakin titi a Karaje, ina jiran abin da zai ƙetarar da ni gulbi zuwa wurin istaj. Nan dariyar daren Asabar ta dawo mini, sai dai wannan karo da ɗaci a cikinta. Abin da ya sa na ɗauki bik ke nan.

Ga wanda bai ga fim ɗin ba, mutum huɗu suka haɗa kai suka yi shi: Damouré Zika, Lam Ibrahim Dia, Jean Rouch da Tallou Mouzourane. Har farkon sunayensu suka yanko suka ɗinka suna guda, Dalarouta. A cikin labarin Lam mai fataucin kaji ne. Yana da wata tsohuwar Citroën 2CV mai akwati a baya, da ita yake shiga ƙauyuka ya sayo kaji ya kawo Yamai. Tallou yaron motarsa ne, Damouré kuma ya shigo musu a matsayin abokin kasuwanci mai zaƙin baki. Motar ba ta da birkin kirki, ba ta da takardu, ba ta yin nisa ba ta mutu ba. Amma tana da suna. Patience ake ce mata, wato Haƙuri.

Abin da kowa ke tunawa a fim ɗin shi ne ƙetarar gulbi. Mota marar takardu ba ta da hurumin bin gada, tunda a nan ƴan sanda ke tsayawa. Sai mutanen naka suka nemi wata dabara. A wani wuri sun kwance motar gunduwa-gunduwa, an loda ta cikin kwalekwale kamar buhun gero, a ɗaya gaɓar aka sake haɗa ta. A wani wurin kuma iyo suka sa ta yi. In ka ga yadda Lam ke sa kansa cikin injin, yana yi mata magana kamar jakar da ta ƙi tafiya, ba ka iya riƙe dariya.

Kuma fim ne mai kyau, kada a ce na zo rushe shi. Ba ya neman ka ji tausayin kowa. Talakawa ne a cikinsa, amma masu wayo ne, masu hannu, ba sa jiran wani ya zo daga waje ya cece su. Motar da gaske take lalacewa lokacin ɗaukar fim ɗin, su kuma suna ƙirƙirar magana nan take, shi ya sa hirarsu ta fi kama da hirar fada fiye da karatun da ƴan wasa ke haddacewa. Duk wanda ya taɓa tura mota a rairayi ya san mutanen nan, ya san irin gardamar da suke yi kan wa ya jawo matsalar.

To mene ne ya dame ni ran Litinin? Abu biyu.

Na farko, ba mai agogo a cikin fim ɗin. Mota ta mutu, sai a sauka a nemi inuwa, a yi gardama, a kwana a daji in ta kama, gobe a ci gaba. Lokaci kyauta ne gare su. Kaji ba sa sa hannu a takardar zuwa aiki, ba wanda zai ja wa Lam jan layi ƙarƙashin sunansa don ya iso bayan takwas. Shi ya sa lalacewar mota ta zama abin nishaɗi, kowace mutuwar inji ƙofar wani sabon labari ce. Na biyu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai: su ukun nan duk masu motar ne, ko masu rabo a cikin abin da za ta samo. Wanda ya biya kuɗinsa ya zauna a baya yana kallon rana na hawa, wanda ba shi da ta cewa kan inda za a bi ko yaushe za a tashi, fim ɗin bai damu da shi ba. Mu kuwa shi ne mu. Shekara hamsin bayan fim ɗin, Haƙuri na nan tana yawo a titunan Yamai, an dai sake mata fenti, an sa mata jan kai ko an ƙara mata kujeru. Bambancin shi ne yanzu mu ke zaune a baya, kuma muna da agogo.

Bari in faɗi yadda safiya take, ko da yake mafi yawanku kun sani. Ka fito bakin titi da rigarka mai guga. Taksi ta rage gudu, ka duƙa bakin taga ka faɗi inda za ka. Direba ba ya ce maka a'a. Kallon gaba kawai yake yi ya taka mota, ya bar ka a duƙe kamar mai ruku'u, da sunan unguwar a bakinka. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗu ya ɗaga yatsa biyu: kurs biyu. A baki an daɗe ana cewa kuɗin taksi dala arba'in ne, amma wannan farashin na wanda zai je inda direba ya riga ya nufa ne. Kai da za ka ƙetare gada da sassafe, ka shirya dala tamanin, in ka yi gardama akwai mutum biyar a bayanka da ba za su yi ba. Mace mai kwano ko mai goyo da yaro a hannu ta fi ka shan wuya, don tun daga nesa direba ya gama lissafin wurin da za ta ci.

Sai faba-faba. Sunan daga Zabarmanci ya fito, taimako yake nufi, kuma gaskiya ita ce ke taimakon mai ƙaramin aljihu. Amma ba ta san ƙarfe nawa ba, cika kawai ta sani. Aparanti na rataye a ƙofa yana kira, direba na taka inji yana ɗan matsawa gaba don ka ɗauka tashi za a yi, alhali saura mutum shida. In an cika, layin mutum uku ya ɗauki huɗu, gwiwarka na cikin bayan wani, kwandon wata na kan cinyarka. Ka miƙa jika guda, a ce ba canji, ka jira, kuma jiran nan yakan kai ka har ka wuce inda za ka sauka. Daga nan sai gadar Kennedy, wadda aka buɗe tun 1970, layi ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Amalanke ɗaya ya samu matsala a tsakiyarta, rabin Harobanda ya makara.

Ranar da nake magana na isa buro tara saura. Shef ya dube ni, ya dubi agogonsa, ya ce: «Yaro, ka riƙa tashi da wuri mana.» Na ce to, ranka ya daɗe. Ban gaya masa cewa tun kiran sallar farko idona biyu ba. Shi motar aiki ke ɗauko shi daga ƙofar gida. Mai gadin wurin, dattijo ne, ya bi ni da ido ya ce a hankali: «Kala suuru, ɗana. Mu da munka saba, ƙafa ta hi mamu.» Daga baya na gane da ƙafa yake zuwa kullum, tafiyar fiye da awa guda.

Na zauna na yi lissafi, ku ma ku yi naku. In na biya kurs biyu da safe, kurs biyu da yamma, 800 F ke nan a rana. A kwana 22 na aiki ya zama 17.600 F. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 42.000 F ne tun farkon 2024. Ke nan mai irin wannan albashi, in ya ce taksi zai riƙa shiga irin tawa hanyar, sama da kashi biyu cikin biyar na guminsa a titi zai zube, bai ci ba, bai biya haya ba. Dattijon bai zaɓi tafiyar ƙafa don motsa jini ba. Kuma wannan kuɗi ne kawai. Awa biyu ko uku da ke tafiya kullum tsakanin jira da cunkoso ba sa shiga lissafin kowa, don wanda ke biyan su ba ya ba da rasit.

Akwai wani fim na wancan zamani da ya kamata a ajiye kusa da Cocorico, shi ne FVVA na Moustapha Alassane, 1972. Haruffan huɗu na nufin mace, mota, gidan alfarma da kuɗi. Ali ƙaramin ma'aikaci ne da ya sa kansa a tseren mallakar abubuwan nan, ya ƙara aure, ya taɓa kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a kaso. Alassane, wanda shi kansa bakanike ne kafin ya shiga harkar fim, ya san mota ciki da waje, kuma ya gane tun lokacin cewa a birnin nan mota ta tashi daga abin hawa ta koma shaidar cewa ka zama mutum. Ba'a yake yi wa wannan mafarki. Abin mamaki, da ka dubi yadda aka gina Yamai tun daga lokacin, sai ka ce masu tsara birni sun kalli fim ɗin ne suka ɗauke shi a matsayin shawara.

Dubi abin da aka yi a idonmu. Gada ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Seyni Kountché a 2021. Gadojin sama uku tsakanin 2013 da 2018, daga Mali Béro zuwa Diori Hamani. Ban ce ba su da amfani ba, wanda ya san yadda cunkoson wuraren nan yake a da ba zai faɗi haka ba. Amma gadar sama tana saurarawa ne ga wanda ya riga ya shiga mota. Wanda ke tsaye a rana yana ɗaga hannu, ba ta rage masa minti ɗaya na jira ba, wani wurin ma ta ƙara masa nisan da zai zagaya kafin ya ƙetare titi. Birnin da ƙidayar 2012 ta ce ya haura mutum miliyan ɗaya, wanda kuma kullum sabbin unguwanni ke tsirowa a gefensa, har yau ba shi da layukan bas da ma'aikaci zai dogara da su ya ce ƙarfe bakwai da kwata zan samu mota a wuri kaza. Bas ɗin SOTRUNI suna nan, amma sun yi kaɗan ƙwarai a kan girman garin, har mutane da yawa ba sa sa su cikin lissafin safiyarsu.

Sai maganar jirgin ƙasa, wadda ta fi kowane fim ban dariya in ba don kuɗin da ta ci ba. An buɗe tasha a Yamai a 2014, an shimfiɗa dogo kimanin kilomita 140 har Doso, an yi bikin buɗewa a farkon 2016, manya sun shiga an ɗauke su hoto. Daga nan shiru. Mutanen Talaje da na hanyar filin jirgi sun shekara suna tsallake ƙarfen dogo don su je su jira faba-faba. Motar Lam ko ba komai tana tashi in an tura ta.

Wani zai ce ai laifin direbobi ne, su ne marasa tausayi. Ni ma na sha faɗin haka a raina lokacin da aka bar ni a duƙe. Amma ka zauna gaba kusa da ɗaya daga cikinsu ka ja shi da hira. Da yawansu motar ba tasu ba ce. Akwai kuɗin da dole ya kai wa mai mota kowane dare, ko an samu ko ba a samu ba. Bayan wannan ya cire na isansi, ya cire na garaji, don motar ta gama rayuwa guda a Turai kafin ta zo nan ta fara ta biyu. Abin da ya saura shi ne tuwon gidansa. Mutumin da ke wannan lissafi a kansa ba zai shiga cunkoson gada don dala arba'in ba. Ousmane Sembène ya nuna wannan tun 1963 a Borom Sarret: mai amalanken Dakar da ke wuni yana ɗaukar talakawa irinsa, wasu ba sa iya biya, ranar da ya yi gangancin shiga unguwar manya aka ƙwace masa amalanken. Mai tuƙi da wanda ake tuƙawa rami ɗaya suke ciki, suna faɗa kan canji. A Yulin 2024 an sauke litar fetur daga 540 F zuwa 499 F, mun yi murna, amma a hanyata dai yatsa biyun nan bai koma ɗaya ba. A Maris na 2025 da mai ya yi wuya, taksi suka koma layi a gidajen mai, sai muka ga abin da ke faruwa da garin da ya jingina zirga-zirgarsa duka a kan ƙananan motocin mutane: da suka tsaya, kowa ya tsaya.

Kamarad na Maraɗi da Damagaram za su ce su ba su da wannan ciwon, tunda kabu-kabu na kowace kusurwa, ga adaidaita. Ni ma can na taso, na san daɗin ka ɗaga hannu a tsaya maka nan take. Sai dai can da fatar jikinka kake biyan abin da muke biya da lokaci a nan. Wa a cikinmu bai san wanda ya karye a kan kabu-kabu ba? Ga kuma farashin da ke rawa da abin da ya faru a wata ƙasa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta tashi, kuɗin zuwa kasuwa da lakkol ya bi ta. Malamar da ke koyarwa a ƙarshen gari ba ta da hannu a wannan shawara, amma daga albashinta aka cire.

Yanzu in juyo kanmu, mu masu rubutu a wannan ɗan littafi da ire-irensa. Na koma na duba labaran da muke rubutawa da waɗanda muke karantawa a waya. Mota tana ciki kullum. Saurayi ya faka wata mai sheƙi, ya sauke gilas, sanyi ya fito, yarinya ta sunkuyar da kai. Wato FVVA muke sake rubutawa, amma mun cire ba'ar, mun bar mafarkin. In kuma faba-faba ta shigo labari, don a yi dariya ne: ƙauye ya shiga da akuya, wani ya yi faɗa da aparanti. Wato Cocorico ba tare da basirar su Lam ba. Tsakanin mafarkin da barkwancin nan, awa biyu na rayuwar kowannenmu na ɓacewa kullum ba wanda ya rubuta su. Muna rubuta waƙa kan ƙasa da ƴanci, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna ya rubuta abin da ke cikin kan ma'aikaciyar asibiti da ta gama aikin dare, taksi bakwai suka wuce ta, ga yara na jiran ta a gida.

Ina jin dalilin shi ne kowannenmu ya ɗauka wucewa yake yi. Ɗalibi na ganin yau ne kawai, gobe in an samu aiki za a sayi moto, jibi mota. Wanda ya saya kuwa, ranar da ya riƙe makulli ya manta da bakin titi, har ya fara yi wa masu tsallakawa oda. Shi ya sa masu jira ba su da murya. Direbobi na da sandika, masu motoci na da nasu, mu ɗalibai in bas ɗin jami'a suka tsaya mun san yadda ake fita a yi magana. A kan gadar nan ta Kennedy ɗalibai uku suka rasa rayukansu ranar 9 ga Fabrairun 1990, kowace shekara muna tunawa da su, don haka ba wanda zai koya mana cewa haƙƙi nemansa ake yi. Amma mai gadi, da mai sayar da ganye, da ɗan istaj, ba abin da ya haɗa su sai inuwar bishiya ɗaya da kalmar haƙuri.

Da na karanta wa ƴan fada farkon wannan rubutu, kamarad ɗin da ya kawo fim ɗin bai yarda da ni ba. Ya ce na ɗora wa fim kayan da ba nasa ba, su Damouré ba su ce za su gyara sufurin Yamai ba, kuma dariyar nan da nake zargi ita ce ke hana mutane haukacewa a cikin faba-faba. Yana da gaskiya a rabi na farko, na karɓa: fim ɗin ya yi abin da ya sa gaba, kuma ya yi shi da kyau. A rabi na biyu ne muka rabu. Haƙurin Lam haƙurin mai gyara ne, yana faɗin kalmar hannunsa na cikin inji, kuma in an jima motar za ta tashi. Namu haƙurin na wanda aka hana taɓa injin ne. Kalma ɗaya ce, amma wanda ke faɗa maka ita da safe yawanci ba ya nufin a jira ana gyara, yana nufin ka yi shiru. Kuma dabarar talaka da fim ɗin ke yabo tana da wani amfani ga masu mulki da su Lam ba su yi niyya ba: muddin mutane na iya kwance mota su ƙetarar da ita a kwalekwale, ba wanda zai ji dole a kansa ya kawo musu bas. Mun rabu a kan haka, shayi na uku ya huce.

Abin da na fara yi tun makon nan ƙarami ne. Na ware shafin ƙarshe na kayena, kowace safiya ina rubuta ƙarfe nawa na tsaya bakin titi, ƙarfe nawa na samu mota, nawa na biya, ƙarfe nawa na isa. Ina roƙon duk wanda wannan kofi ya faɗo hannunsa, a Yamai ko Tawa ko Maraɗi ko Damagaram, ya yi haka wata guda ya kawo mana, mu haɗa mu buga a fitowa ta gaba, da sunan unguwa ba da sunan mutum ba. Nawa na makon farko ga shi: Litinin jiran minti 45, Talata 20, Laraba 35, Alhamis 50 har na haƙura na taka gadar da ƙafa, Juma'a 15 don wani maƙwabci ya ɗauke ni a bayan motonsa. Ran Alhamis ɗin a tsakiyar gada na cim ma dattijon nan mai gadi, takalmansa a hannu, ya ce in rage sauri, in ba haka ba zan isa da gumi shef ya ce ban yi wanka ba.